Lahanin Zuciya Ba Ya Zuwa Shi Kaɗai: Lacca a Ɗan Issa kan Yaran da Ake Haihuwa da Ciwon Zuciya da na Jijiyoyin Jini

 

  

Zancena na yau a kan yaran da ake haihuwa da lahani a zuciya ne, musamman waɗanda lahanin bai tsaya a zuciyar kaɗai ba, ya haɗa da manyan jijiyoyin jinin da ke fita daga cikinta da masu komawa gare ta. Na san wani zai ce a ransa: a garin da masassarar cizon sauro da tamowa ke cika gadaje duk damina, har mata na tsallako iyaka daga Jibiya da Katsina da goyonsu suna neman magani, me ya kai likita ga ciwon da ba a gani sai jefi-jefi? Mai wannan tambaya yana da gaskiyarsa. Masassara da tamowa su ne ke ɗauke mana yara da yawa, kuma aikin da ma'aikatanmu da ƙungiyar MSF suka daɗe suna yi a kansu a nan Ɗan Issa da Madarumfa ba abin rainawa ba ne. Amma a cikin yaran da ke kwance a waɗannan gadajen akwai waɗanda an ba su maganin masassara, an ba su abincin tamowa, an sallame su sun dawo, an sake sallamarsu sun sake dawowa, domin ciwon nasu yana wurin da ba a duba ba.

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1000 da aka haifa da rai, 8 zuwa 9 suna da wani lahani a zuciya. A Nijar ana haihuwar jarirai sama da miliyan 1 kowace shekara. In muka bi wannan ma'auni, wajen yara 9,000 ke nan a shekara. Da yawansu ƴar ƙaramar huda ce da za ta toshe da kanta, yaro ya girma ya tsufa bai ma san da ita ba. Amma kusan ɗaya cikin huɗu nasu mai tsanani ne, yana bukatar aiki tun a shekarar farko.

Dalilin da ya sa lahanin zuciya da na jijiyoyi suke tafiya tare yana cikin yadda Allah ya tsara halittarsu. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, tun uwa ba ta tabbatar da cewa ta yi ɓatan wata ba. A lokacin ƴar siririyar bututu ce guda ɗaya. Sai ta naɗe, bangaye su tsiro a cikinta, ta rabu ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Hanyar fita guda ɗaya ta tsage biyu: jijiyar da ke kai jini huhu, da babbar jijiyar da ke kai jini ga sauran jiki, wadda likitoci ke kira awota. A waɗannan makonnin ne kuma wasu jijiyoyi lanƙwasassu ke fitowa biyu-biyu a wuyan ɗan tayi, dama da hagu, har jeri shida. Wasu su bushe su ɓace, wasu su zama jijiyoyin wuya da na hannu, ta huɗu ta hagu ta zama lanƙwasar awota, ta shida ta ba da rassan jijiyar huhu. Kafin ciki ya cika mako 8 an gama duk wannan gini. Kuma ƙwayoyin halitta iri ɗaya ne ke yin ƙaura su raba hanyar fitar zuciya, su gina waɗannan jijiyoyi. Saboda haka duk abin da ya taɓa su a wannan ɗan lokaci, da wuya ya ɓata wuri ɗaya ya ƙyale sauran. Wanda ya ga lahani ɗaya a zuciyar yaro, wajibinsa ne ya nemi na biyu.

Zan fara da wanda ya fi ci mini rai, domin ana iya gano shi da yatsa biyu, kuma duk da haka yana wuce mu.

Jariri a cikin mahaifa ba ya numfashi, don haka akwai wata gajeriyar jijiya da ke haɗa jijiyar huhu da awota, jini ya riƙa kauce wa huhu. Bayan haihuwa takan rufe cikin ƴan kwanaki. To akwai jaririn da ake haihuwa awotarsa a matse daidai bakin wannan gajeriyar jijiya. Duk wanda ya yi noman rani a Jiratawa ya san abin da ke faruwa in babbar magudana ta shaƙe a tsakiya: injin yana ta aiki, ruwa na tumbatsa a filayen sama, na ƙasa suna bushewa. Haka jini ke taruwa a kai da hannuwa, ƙoda da hanji da ƙafafu su rasa. Muddin gajeriyar jijiyar nan tana buɗe, jini na samun hanyar zagayawa, jariri ya yi ta shan nono lafiya lau, ungozoma ta duba ta ce ba komai, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai ta fara rufewa, sau da yawa a ƙarshen makon farko ko cikin na biyu, wato daidai lokacin suna. An yanka rago, an yi aski, gida cike da ƴan barka, sai mai jego ta ga jariri ya ƙi kama nono. Numfashi sama-sama, jiki ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa toka, ƙafafu sanyi ƙalau, tun safe bai jiƙa zane da fitsari ba. In aka kawo shi likita, abin da za a fara zato shi ne ƙwayar cuta ta shiga jini, a sa allura, kuma daidai ne a sa. Roƙona shi ne kafin a sa allurar, a ɗora yatsa biyu a matsematsin jariri, inda cinya ta haɗu da mara, a nemi bugun jini, a gwada da na hannun dama. In na hannu yana bugawa da ƙarfi, na cinya babu ko ya yi rauni ƙwarai, to maganar ta sauya, kuma yaron ba na kwana a nan ba ne.

Wannan matsewar ma da wuya ta zo ita kaɗai. Rabin masu ita ko fiye, ƙyauren da ke bakin awota yana da ganye biyu maimakon uku. Wasu kuma akwai huda a bangon da ke raba ɗakunan ƙasa. In matsewar ba ta yi tsanani ba, yaro kan girma da ita, sai a tarar da saurayi ko budurwa ƴar shekara 15 da hawan jini, a ɗora su kan ƙwaya har iya rayuwa ba wanda ya taɓa auna jinin ƙafarsu. Wasu daga cikinsu suna da kumburin jijiya a ƙwaƙwalwa, wanda hawan jinin zai iya fasawa. Jaririya mace da aka haifa da kumburin bayan ƙafa da na hannu, wuyanta da faɗi, ko yarinyar da ta ƙi tsawo ta kuma ƙi fara al'ada, a duba awotarta, domin ciwon da ake kira na Turner yakan zo da wannan matsewa. Likita Clarence Crafoord ne ya fara yanke wurin da ya matse ya ɗinke jijiyar a birnin Stockholm a 1944, don haka ba sabon aiki ba ne.

Na biyu shi ne yaron da iyaye mata suka fi ganewa. Yana wasa da ƴan uwansa a tsakar gida, ya yi ɗan gudu kaɗan, sai ya tsaya ya tsugunna, ya huta, ya miƙe. Uwa ta ce ragwanci ne da shi. Ku buɗe bakinsa ku dubi harshe da dasashi, za ku ga sun yi duhu-duhu, kan yatsunsa ya yi gundun-gundun, farce ya lanƙwashe. Likita Étienne-Louis Fallot na birnin Marseille a Faransa ya bayyana wannan ciwo a 1888, lahani huɗu a zuciya ɗaya: huda tsakanin ɗakunan ƙasa, hanyar zuwa huhu a matse, awota ta hau kan hudar, ɗakin dama ya yi kauri. Tsugunnon da yaron ke yi magani ne da jikinsa ya gano masa, domin yana matse jijiyoyin ƙafa, jini ya samu ƙarfin shiga huhu. Shi ya sa in irin wannan jariri ya yi kuka har ya shiɗe ya yi duhu, taimakon farko shi ne a naɗe gwiwoyinsa a ƙirjinsa, a rarrashe shi, a ba shi iskar oksijin in akwai. Cikin kowane huɗu masu ciwon Fallot, ɗaya awotarsa ta lanƙwasa ta dama maimakon hagu. Wasu ƴan kaɗan kuma jijiyar da ke ciyar da naman zuciya ta gitta daidai inda mai fiɗa zai sa wuƙa, in bai sani ba kafin aiki, sai a yi asara.

Aikin farko da aka yi wa irin waɗannan yara an yi shi ne ran 29 ga Nuwamba 1944 a asibitin Johns Hopkins a Amurka. Likitar yara Helen Taussig ta kawo shawara, Alfred Blalock ya riƙe wuƙa, a bayansa kuma Vivien Thomas na tsaye yana nuna masa inda zai ɗinka. Thomas baƙar fata ne, bai samu zuwa makarantar likita ba, amma shi ya ƙware a aikin a ɗakin gwaji, an kuma daɗe ba a ambaton sunansa. Ina faɗin wannan ne don matasanmu ma'aikatan jinya, waɗanda su ne ke fara ganin yaro kafin kowane likita.

Akwai kuma ciwon da ke da alaƙa da wannan, inda wani ɗan yanki na ƙwayar gado mai lamba 22 ya ɓace. Ana ƙiyasta shi a jariri 1 cikin 4000. Yakan zo da ciwon Fallot ko awota da ta katse gaba ɗaya, tare da tsagewar ganɗa, da jijjiga a kwanakin farko saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam, da yawan kamuwa da cututtuka. Jaririn da ke jijjiga, nono na fita masa ta hanci, a saurari ƙirjinsa.

Na uku ya shafi iyayenmu wanzamai, kuma da girmamawa nake faɗa. Na ce jijiyoyin wuyan ɗan tayi biyu-biyu suke fitowa, ɗaya ta ɓace. To wani lokaci ta dama ba ta ɓacewa, sai lanƙwasa biyu su kewaye maƙogwaro da hanyar abinci su matse su. Jaririn yana numfashi da ƙara tun makonnin farko, ƙarar na ƙaruwa in yana shan nono ko yana kuka, yana son tanƙwara wuyansa baya don ya samu iska, in an fara ba shi kunu ko tuwo sai ya riƙa sarƙewa. A gida a ce beli ne, a kira wanzami ya cire. Jini ya zuba, ƙara ba ta daina ba. A likita a ce fuka ce, a ba shi maganin shaƙa wata da watanni. Alhali abin da ke shaƙe shi jijiya ce a cikin ƙirji, kuma tun 1945 Robert Gross ya nuna a Boston cewa in aka raba zoben yaro yana warkewa.

Sauran zan bi ta kansu da sauri, don ba kowa ne a cikinmu zai gamu da su ba. Akwai jaririn da jijiyar hagu mai ciyar da naman zuciyarsa ta tsiro daga jijiyar huhu maimakon awota, wajen 1 cikin haihuwa 300,000. Yana wata biyu ko uku sai ya riƙa tsala kuka da zufa duk lokacin shan nono, a ce ciwon ciki ne, alhali zuciyar ce ke rasa jini, kuma in ba a yi aiki ba mafi yawansu ba sa cika shekara. Akwai wanda jijiyoyin huhunsa na dama suka sauka ƙasa maimakon su shiga ɗakin hagu, huhun ya tsumbure, zuciya ta karkata dama, ciwon haƙarƙari ya yi ta kama shi a gefe guda. Akwai kuma ƙarin jijiya a hagu mai dawo da jini daga sama, wadda ake samu a mutum 3 zuwa 5 cikin 1000 ba tare da ta cutar da su ba, amma ta fi yawa sosai a masu lahanin zuciya.

Yanzu mu koma ɗakin tamowa, domin a can ne nake ganin yaranmu suka fi ɓuya. Ku zauna kusa da uwa tana shayarwa, kada ku yi mata tambaya tukuna, ku kalla kawai. Jariri mai ciwon zuciya yana kama nono da kwaɗayi, yunwa yake ji. Ya ja kaɗan, ya saki, yana haki, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa. Zufa ta tsattsafo a goshinsa da kan hancinsa ko da sanyin hunturu ne. Ya sake kamawa, ya sake saki, har barci ya ɗauke shi don gajiya bai ƙoshi ba. Uwar za ta ce muku nononta ne ba shi da kyau, don haka aka gaya mata a gida. Ku taɓa ƙasan haƙarƙarin dama, sau da yawa hanta ta sauko. Yaron da aka ba shi abincin tamowa yadda ya kamata, an duba tarin tibi da ƙanjamau ba su ba ne, sikeli kuma ya ƙi motsi, ko wanda ciwon haƙarƙari ya kwantar sau uku kafin ya shekara, a binciki zuciyarsa.

Akwai abubuwa biyu da kan ruɗe mu a nan yankin. Ƙarancin jini, na masassara ko na amosanin jini, yana sa a ji ƙarar huci a zuciyar da lafiyarta lau, don haka kada a tsorata iyaye da saurare ɗaya, a gyara jinin a sake saurare. Sannan shi dai ƙarancin jinin yana ɓoye duhun harshe, yaro yana cikin haɗari amma bakinsa fari. Nan ne ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa take da amfani. Bayan awa 24 da haihuwa a auna hannun dama da ƙafa ɗaya. In ta nuna ƙasa da 90, a tura nan take. In ta tsaya tsakanin 90 da 94, ko bambancin hannu da ƙafa ya wuce 3, a sake aunawa, in bai gyaru ba a tura. A kuma sani cewa a fata mai duhu na'urar kan nuna adadi sama da na gaskiya kaɗan, saboda haka kada lamba mai kyau ta sa a ƙi yarda da abin da ido ya gani.

Iyaye kan tambaye ni me ya jawo. A mafi yawan yara ba a gano dalili guda, kuma wannan ya kamata malamanmu su taya mu faɗa a masallatai. Ba sammu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Macen da ta binne jarirai biyu ko uku a jere ana ce mata mai wabi, dangin miji su fara gunaguni, wani lokaci har aure ya mutu, alhali abin da take bukata shi ne a bincika ta ita da mijinta, a kuma duba jaririnta na gaba tun ranar haihuwa. Cikin dalilan da aka sani akwai ciwon suga da ba a daidaita ba kafin ɗaukar ciki. Akwai wasu magunguna, har da wasu na farfaɗiya, amma kada mai farfaɗiya ta daina shan magani da kanta, ta je a sauya mata. Auren zumunci yana ƙara haɗarin, musamman a gidan da aka taɓa gani. Yara masu tirizomi 21, wato ƙarin ƙwayar gado mai lamba 21, kusan rabinsu suna da lahani a zuciya, don haka kowannensu a yi masa hoton zuciya ko bai nuna alama ba. Sai cutar rubela, mai kama da ƙyanda amma mara zafi, wadda mace za ta yi ƴan ƙuraje kwana uku ta manta. In ta same ta a farkon ciki, jariri kan zo da yana a ido, da kurumta, da gajeriyar jijiyar nan da ta ƙi rufewa, da matsewar rassan jijiyar huhu. Likitan ido Norman Gregg ne ya gano wannan alaƙa a Ostiraliya a 1941, kuma allurar rigakafi tana hana ta.

In an gano, ina aka nufa? Matakin farko hoton zuciya ne, a Maraɗi, ko a Yamai mai nisan sama da kilomita 600, ko a asibitin koyarwa na Aminu Kano ga waɗanda suka fito daga tsallaken iyaka. Fiɗar kanta ita ce babbar wahala. An yi aikin buɗe zuciya na farko a Najeriya a Inugu tun 1974, amma har yanzu wuraren da ke yi wa jarirai a Afirka ta Yamma ba su da yawa. Ƙungiyar La Chaîne de l'Espoir ta taimaka an buɗe cibiyar Cuomo a Dakar a 2017 da cibiyar André Festoc a Bamako a 2018. Ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda Farfesa Francine Leca ta kafa a 1996, tana ɗaukar yara zuwa Faransa. Cibiyar Salam ta Khartum tana aiki kyauta tun 2007, sai dai yaƙin Sudan ya sa hanyar ta yi wuya. Kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka kafa a ƙasar nan a 2006 ba ta biya wa uba kuɗin mota da na masauki, kuma na sha ganin takardar turawa ta tsufa a aljihu saboda haka.

Jinkiri kuwa yana da iyaka. Yaron da ke da babbar huda, jini na kwarara huhunsa fiye da ƙima, jijiyoyin huhun suna kauri a hankali. Sai a ga hakin ya ragu, iyaye su yi hamdala, alhali huhun ne ya taurare, kuma in ya kai wani mataki ba mai fiɗar da zai taɓa shi. Shi ya sa ake son rufe irin wannan huda a shekarar farko, a masu tirizomi 21 ma tun kafin nan. Kafin a samu tafiya, aikinmu ne mu riƙe yaron da rai: shayarwa kaɗan-kaɗan akai-akai, maganin rage ruwa in likita ya rubuta, allurar rigakafi cikakkiya, gidan sauro, maganin rigakafin masassara na damina, da tsabtar haƙori, domin ƙwayar cutar baki tana iya sauka a zuciya mai lahani. In za a ƙara masa ruwa ko jini, a yi a hankali ana duba numfashinsa da hantarsa.

Abin da nake roƙo a wurin shugabannin lafiya na Madarumfa shi ne a sa na'urar yatsa mai bakin jarirai a kowane ɗakin haihuwa, a kuma ƙara layi ɗaya a takardar jariri inda za a rubuta ko an ji bugun cinya, ranar haihuwa da kuma ranar da aka dawo da shi awo. A buɗe rajista guda ta gunduma ga duk yaron da ake zargi, da sunan ƙauyensa da inda aka tura shi da abin da ya biyo baya, don ɗaliban likita na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su samu abin bincike, mu kuma mu samu hujjar neman likitan zuciyar yara ya riƙa zuwa mana da na'urarsa. Wanda zai rubuta takardar turawa kuwa, kada ya tsaya a "ana jin ƙara a zuciya". Ya rubuta awon hannu da na ƙafa, da nauyin yaro na wata uku da suka wuce, ya kuma roƙi mai hoto ya duba lanƙwasar awota, da inda jijiyoyin huhu suka shiga, da inda jijiyoyin naman zuciya suka tsiro.